Injin da Zailani Ya Koya wa Kunya

Duk wanda ya taɓa kai takarda a buga masa a Gwarzo, a shekarun nan da aka ƙaddamar da Shari'a, ya san shagon Malam Zailani da ke jikin gidansa a bayan tasha. Kwamfuta uku ce a ciki, da injin fotokwafi, da wani janareta mai tari kamar tsohon mashayin taba. Mai shagon kuwa dogo ne siriri, mai babban kai, wanda in kana yi masa magana zai amsa maka da ladabi amma idonsa na kan allo. Shekararsa talatin da tara lokacin da abin nan ya faru, kuma a duk tsawon shekarun nan bai taɓa jin sunansa a bakin mahaifiyarsa ba.

Ba faɗa suka yi ba. Ɗan fari ne, ita kuma Inna Asta 'yar Dugabau ce, daga gidan da aka daina yawo da shanu tun zamanin kakanta amma ba a daina kunya ba. A wurinsu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yaba shi, ba ta ma nuna ta san yana cikin ɗaki. Ana yaye shi aka miƙa shi gidan kakarsa can ƙarshen gari. In ya zo gaishe da Inna, tukunya take kallo ta amsa. In dole ta kama sai an ambace shi, sai ta ce "wancan". Zailani ya san al'ada ce, ya sha ba abokansa 'yan birni labarin yana dariya, amma abin yana cin ransa. Ba wani abu mai yawa yake nema ba. So yake sau ɗaya dai ya san ko matar nan ta gamsu da shi.

Kiwo bai karɓe shi ba. Damina ɗaya ya ɓatar da awaki uku, sai mahaifinsa, Malam Hammadu, ya dubi kan yaron ya ce irin wannan kai ba na daji ba ne, a kai shi boko. Aka kai shi makarantar kwana daidai lokacin da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, zamanin da mutane ke kira ostariti, lokacin da miyar makaranta ta koma ruwan zafi mai launi. Abin da ya riƙe shi shekara biyar shi ne kwalbar man shanu da yake samu a ƙasan akwatinsa duk farkon zango. An ce masa Goggo Marka ce, ƙanwar babansa, take sakawa. Tun da ya fara samun na kansa bai taɓa bari Sallah ta wuce bai kai wa Goggo Marka turmin atamfa ba. Ita kuma takan karɓa, ta sa masa albarka, ta yi maza ta canza zance.

Ya yi aikin buga takardu a wani ofis har aka zo rage ma'aikata aka fara da shi. Ya buɗe shagon hayar kaset na fim, ya ɗan samu, sai Shari'a ta zo, ya duba ya ga sana'ar nan ta fara jawo masa kallon banza a masallaci. Ya kwashe kasakasan ya sayi tsofaffin kwamfutoci, ya rataya labule a tsakiyar shagon, maza nan, mata can. Ɓangaren mata ya bar wa matarsa Badi'a, wadda ta fi shi saurin bugu nesa ba kusa ba, abin da bai taɓa yarda da shi a gaban mutane ba.

Wata rana wani abokinsa da ke aiki a Kano ya ba shi faifai ya ce ya gwada, wai sunan abin wiki. Littafi ne a cikin kwamfuta wanda kowa zai iya buɗewa ya rubuta shafi, ya kuma gyara abin da wani ya rubuta, shi kuma littafin yana riƙe da kowane gyara da sunan wanda ya yi shi. Zailani ya ɗora shi a kwamfutarsa ya haɗa da sauran biyun, ba ruwansa da intanet. Abin da ya fi tafiya da hankalinsa shi ne da ya gano mutum zai iya rubuta wa littafin 'yan ƙananan umarni da za su koya masa sabon aiki, kamar yadda ake kafa rumfa jikin gida ba tare da an taɓa katanga ba. Masu sana'ar suna da sunan da suke kiran abin da Turanci, shi dai ƙari yake ce masa. Daga ranar nan Zailani ya kamu.

Ƙarin farko da ya rubuta na kwanan wata ne, yana sa na Musulunci kusa da na boko, kuma ya yi kyau. Na biyu na gaisuwa ne, don a ganinsa rashin tarbiyya ne mutum ya faɗa shafin wani ba sallama. In ka buɗe, sai allo ya yi maka sallama, ka danna amsa, ya ce ina kwana, ka danna, ina gajiya, ina iyali, ina aiki, yaya jama'a. Badi'a ta ƙirga ta ga sau bakwai take dannawa kafin ta gyara harafi ɗaya, ta ce ko ya cire shi ko ya zo ya riƙa amsa gaisuwar da kansa. Ya rage su zuwa uku, ransa bai so ba.

Ana nan sai Alhaji Dabo, ƙanin marigayi Malam Hammadu kuma shugaban ƙungiyar zumuncin zuri'ar Jauro Ja'afaru, ya shigo shagon. Alhaji Dabo mutum ne da ba ya magana a hankali, ko addu'a yake yi sai ka ɗauka da wani yake. Ya ce zuri'a ta watsu, wasu a Lakwaya, wasu a Kara, wasu a Kabo, yara ba su san kakanninsu ba, yana so a buga tarihin gidan a ɗan littafi a karanta a taron washegarin ƙaramar Sallah.

Zailani ya ce, "Baffa, ai akwai abin da ya fi littafi. Kowa zai samu shafinsa, kuma in an yi haihuwa sai a ƙara, ba sai an sake bugawa ba."

"Ba sai an sake bugawa ba?" in ji Alhaji Dabo. "To yi."

Abin da Zailani bai faɗa wa kowa ba shi ne yana da tasa manufar. Duk zuri'ar babu wanda ya san wa ya haifi wa kamar Inna Asta. Dole a zauna da ita, dole ta zo kan 'ya'yanta, kuma mai lissafa 'ya'ya daga na fari yake farawa. Ya ga kamar ya kafa tarkon da ba ta da hanyar kauce masa.

Allah ya taimake shi, a lokacin ciwon ƙafa ya kawo Inna asibitin Gwarzo, ta sauka a gidansa wata uku, ko da yake duk wanda ya tambaye ta takan ce gidan Badi'a ta sauka. Kullum da hantsi takan shimfiɗa tabarma a bayan labule, tana faɗa Badi'a na bugawa. Ta bi gidan Jauro ɗaki ɗaki, har da waɗanda suka rasu a goye, har da launin saniyar da aka ba kowace amarya. Ranar da aka zo kan ɗakinta, Zailani ya bar wani mai takardar neman aiki a tsaye, ya matso jikin labule ya kasa kunne.

Inna ta ce, "Sai Muntari, sai Sa'a, sai Altine."

Badi'a, wadda ya riga ya roƙa, ta ce, "Inna, kafin Muntari fa?"

"Kafin Muntari an yi ruwa sosai," in ji Inna. "Gero ya yi kyau shekarar."

Zailani ya koma kujerarsa ya buga wa mai neman aiki takardarsa da kuskure huɗu.

Bayan wannan sai wata matsalar ta ɓullo. In an gama shafi, Inna takan ce a karanta mata ta ji ko an sa daidai. To Badi'a ba ta faɗin sunan mijinta, ba ta faɗin na surukinta, ita ma Inna ba ta son jin sunan nata mijin da na uban mijinta ana ta jefa su a gabanta kamar sunan kayan miya. Ga shi a gidan Jauro duk ɗakin da ka leƙa akwai Hammadu, an ƙirga goma sha ɗaya. Karatu ya koma tari da gyaran murya. Badi'a takan ɗora yatsa a kan allo ta tsallake, ta ɓata layi, ta dawo, Inna ta ce ba haka ta faɗa ba. Ranar da suka kwashe awa guda a kan shafi ɗaya, Badi'a ta ɗaga labule ta ce, "Malam, injin nan naka ba shi da kunya. Ka koya masa gaisuwa, wannan ne ya gagare ka?"

Maganar ta zauna masa. Kwana huɗu yana fama, yana rubutu yana gogewa, abinci na hucewa a gefensa, har ya fito da ƙarin da ya sa wa suna Alkunya. Kowa zai ba da jerin sunayen da ba ya faɗa, da abin da yake faɗa a madadinsu. In Badi'a ta shiga da sunanta, duk inda Hammadu yake sai allo ya nuna Mai Sunan Baba, inda Zailani yake ya nuna Malam. In da sunan Inna aka shiga, Ja'afaru ya koma Tsoho, Zailani ya koma wancan. Da hannunsa ya buga wannan na ƙarshen, ya daɗe yana kallonsa kafin ya danna.

Badi'a ta karanta shafi uku a jere ba tari ko ɗaya. Inna ta dubi kwamfutar ta ce, "Ashe injin nan ɗan mutane ne." Zailani yana jin ta ta bayan labule. Kwana huɗu bai huta ba, ga shi inji ne ya kwashe yabon. Ya ji haushi, amma ya ji daɗi ma, don bai taɓa matsowa kusa da yabonta kamar haka ba.

Labari ya bazu cikin matan zuri'a cewa akwai injin da ya san surukai. Daga Lakwaya, daga Kara, duk wadda ta shigo Gwarzo cefanen azumi sai ta biyo shagon, Badi'a ta buɗe mata suna, ta ba da jerinta, a karanta mata shafin gidansu, ta ce a gyara nan, a ƙara can. Maza ma suka fara zuwa a ɓoye, don su ma suna da surukai. Zailani ya riƙa tafiya a gari kamar wanda aka naɗa.

Kuskure ɗaya ya yi. Kamata ya yi ƙarin ya rufe suna a idon mai karatu kawai, ya bar na asali a ciki. Shi kuwa sai ya ɗora shi a inda yake canza rubutun har cikin akwatin da ake gyara. Saboda haka duk wadda ta buɗe shafi ta gyara ko da harafi ɗaya, da an danna ajiyewa sai sunan sakayawa ya zauna daram, na gaskiya ya tafi. Wata ta share surukinta, wata ta zo ta share nata a shafi guda, har aka gama da kowa. Zailani bai lura ba, don ƙarshen azumi ne, shago cike da masu katin biki, kuma mutumin da ake yabo ba ya komawa ya duba aikinsa.

Washegarin Sallah da hantsi aka taru a wani aji na firamaren Dugabau. An toshe tagogi da tabarmi, an aro majigi, janareta na tari a waje. Maza a gaba, mata a baya, Inna Asta can jikin bango ta miƙe ƙafa. Alhaji Dabo ya yi addu'a kamar mai faɗa, ya gyara tabarau, ya fuskanci bango ya fara karantawa da ƙarfi.

"Tsoho ya taso daga Kara ya sauka a Dugabau. Ya haifi Mai Sunan Baba, da Baban Yara, da Mai Sunan Baba." Ya dakata, ya ci gaba. "Mai Sunan Baba ya auri Mai Sunan Inna, suka haifi Wannan Yaron. Wannan Yaron ya auri 'yar Mai Sunan Baba." Ya juyo ya dubi Zailani ta saman tabarau. "Kai, tarihin gidan wa ka kawo mana?"

Zailani ya yi maza ya koma kan kwamfutar. Ya buɗe wani shafin ko za a dace. Alhaji Dabo ya karanta, "Sarkin Faɗa shi ne ya gina masallacin unguwa, kuma shi ne shugaban ƙungiya." Ya sake karantawa a hankali, karo na farko a rayuwarsa. "Wane ne kuma Sarkin Faɗa?"

Daga ɓangaren mata wata ta kasa riƙe dariya, sai ajin ya ɗauka gaba ɗaya.

A nan ne wiki ya ceci Zailani, ya kuma tona asirin wasu. Tunda littafin ba ya manta gyara, ya kashe Alkunya, ya shiga tarihin kowane shafi yana mayar da shi yadda yake a da, kowa na kallo a bango. Sunaye suka riƙa dawowa, Hammadu goma sha ɗaya kowa ya koma ɗakinsa. Sai dai tarihin yana nuna wanda ya yi kowane gyara, kuma a gefen Sarkin Faɗa sunan Hajiya Hajaratu ne ya fito, matar Alhaji Dabo ta shekara arba'in. Hajiya ta ja mayafi ta ce ita dai an tambaye ta abin da take faɗa ne ta faɗa.

An kusa azahar ya gama. Ya buɗe jerin shafukan duka don Baffa ya gani da idonsa, sai Alhaji Dabo ya nuna can ƙasa da sandarsa. "Ga wani ka bari. Wancan. Mayar masa da sunansa."

Zailani ya shiga tarihin shafin. Gyara ɗaya ne tak, Badi'a ce ta buga shi da sunan Inna, mako guda bayan ya gama Alkunya. Babu sunan da za a mayar, haka aka rubuta shi tun farko. Bai taɓa ganinsa ba. Daga baya ne Badi'a ta gaya masa yadda aka yi: wata ranar Juma'a da ya tafi masallaci, Inna ta tambaye ta ko injin nan yana faɗa wa mutane abin da aka gaya masa, ita kuma ta ce suna dai ba ya faɗa. Sai Inna ta ce to ta buɗe sabon shafi.

Kafin ya yi wani tunani Alhaji Dabo ya fara karantawa.

"An haife shi da damina, shekarar da gero ya yi kyau. Kansa babba ne, na sha wuya. Bai iya kiwo ba, awaki uku ya ɓatar, ɗaya tawa ce, ban faɗa wa kowa ba. Da aka kai shi gidan kakarsa, shekara bakwai ina bin ta ƙofar gidan in je rijiya, alhali akwai rijiya a bayan ɗakina. Da ya tafi makaranta ya dawo duk ƙasusuwa, sai na riƙa tara man shanu ina ba Marka ta sa masa a akwati ta ce ita ce."

Muryar Alhaji Dabo ta ragu da kanta. Kowa ya juya ya dubi Goggo Marka, wadda ke zaune cikin sabuwar atamfarta ta bana.

"Ni dai cewa aka yi in yi shiru," in ji Goggo Marka. "Atamfofin kuwa na riga na ɗinke su."

Aka yi dariya, amma ba irin ta ɗazu ba. Alhaji Dabo ya ƙarasa layi biyun da suka rage. "Bai taɓa ɗaga mini murya ba, bai taɓa zuwa hannu wofi ba. In ya shigo gaishe ni tukunya nake kallo, amma na san rigar da ya sa."

Zailani na zaune gaban kwamfuta, hannunsa a kan madannai, ba ya ganin allon sosai. Abin da ya nema shekara talatin da tara ga shi a bangon aji da manyan baƙaƙe, ya fi abin da ya roƙa yawa, kuma bai san inda zai sa fuskarsa ba.

Alhaji Dabo ya share tabarau da bakin riga ya juya baya. "Asta, wannan shafin na wane ne? Faɗi a sa masa suna, kowa ya samu nasa."

Inna Asta ta tattara ƙafafunta, ta gyara lulluɓi, ta dubi bangon da babu komai a kansa.

"Na wani ne," ta ce. Sannan ta juya wajen Badi'a. "Ki ce wa wancan ya kashe injin nan haka, mai yake sha."

Sunansa haruffa bakwai ne kawai, da ya buga su da kansa ba wanda zai hana shi. Ya dubi gurbin sunan, ya ɗauke hannunsa, ya kashe.

A makon nan ya gyara Alkunya ta koma rufe suna a ido kawai, kuma har yau matan gidan Jauro da ita suke karatu. Shafin nan kuwa ya kulle shi yadda ba mai iya taɓa ko harafi, ya bar shi ba suna. Da babbar Sallah ta zo ya sayi atamfa turmi biyu ya kai wa Goggo Marka. Ɗaya nata ne kamar kullum, ɗayan ya ce ta kai wa Inna ta ce ita ce ta saya.

Ranar idi ya je Dugabau gaisuwa ya tarar da Inna sanye da ita a bakin murhu. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon tukunya. Can sai ta shafa gefen zanen, ta ce da Badi'a, da murya yadda na durƙushe zai ji, "Marka ta iya zaɓe. Allah ya yi mata albarka."